Funfunar Ƙasa, Saiwar Dawa da Ƙuduji

Gawuna, wadda take ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Nassarawa a birnin Kano, ba wurin noma ba ce a yau, domin gidaje da shaguna sun cinye filayenta, amma tana zaune ne a tsakiyar sana'o'in da suka dogara kacokan ga ƙasa. Ga kasuwar 'Yankaba a kan titin Haɗeja inda ake sauke kayan gwari, ga hedikwatar hukumar bunƙasa noma ta KNARDA a wannan titi, ga kuma masu rainon dashen itatuwa da furanni da suke jera ledojinsu a bakin titunan Nassarawa. Zancen dukkan waɗannan mutane bai wuce iri da ruwa da taki ba, alhali kuwa akwai abu na huɗu da albasa da tattasai da dawa da wake suke dogara da shi, wanda ido ba ya gani, wato funfunar da take zaune a cikin saiwoyinsu.

Funfuna jinsi ce ta halittu mai zaman kanta, ba tsiro ba ce kuma ba dabba ba, kuma a cikinta ne ake lissafa furfurar da take rufe tsohon burodi, da yis ɗin da yake kumbura shi, da naman kaza da yake tsirowa a gindin itace da damina. Da yake ba ta da koren sinadarin da ganye yake haɗa abinci da shi daga hasken rana, dole ne ta ci daga jikin wani: wata tana cin matattun ganye, wata tana haddasa cuta kamar burtuntunar dawa, wata kuma tana shiga saiwa mai rai ta zauna ba tare da ta cutar da ita ba. Wannan zama na uku shi ne masanin tsirrai na Jamus, Albert Bernhard Frank, ya raɗa wa suna maikoraiza a shekarar 1885, bayan da hukumomin Furusiya suka ɗora masa binciken yadda za a noma wani naman kaza mai tsada da yake girma a ƙarƙashin ƙasa. Bai gano hanyar noman ba, amma ya lura cewa ƙananan saiwoyin itatuwan dajin da ya tona a lulluɓe suke da funfuna, kuma itatuwan lafiyarsu ƙalau, sai ya yanke cewa ita ce take ciyar da su, maganar da masana da yawa na zamaninsa suka ƙi amincewa da ita.

Maikoraiza iri-iri ce, amma biyu ne suka shafi ƙasar Hausa. Ta farko tana naɗe saiwa daga waje, kuma ana samun ta a jikin itatuwa irin su doka da kawo. Ta biyu, wadda take tare da kusan kashi 70 cikin ɗari na tsirran duniya, ciki har da gero da dawa da masara da gyaɗa da rogo, tana kutsawa har cikin ƙwayoyin halittar saiwa, inda take yin rassa ƙanana masu siffar itace, kuma a nan ne ake musaya: tsiro ya ba da sukari da kitse, wani lokaci har kusan kashi 20 cikin ɗari na abin da ganyensa ya haɗa, ita kuma ta ba da sinadaran da ta tattaro daga ƙasa. An ga irin waɗannan rassa a cikin burbushin tsirrai da suka daskare a duwatsun Rhynie na ƙasar Sukotlan, masu shekaru fiye da miliyan 400.

Muhimmancin wannan musaya ga manomin Kano yana komawa ne ga fosforas, sinadarin da takin sufa yake ɗauke da shi, wanda kuma shi ne ɗaya daga cikin ukun da suke cikin kamfa. Ƙasar jigawa matalauciya ce ta fuskar fosforas, kuma ko wanda yake cikinta ba ya tafiya da ruwa kamar yadda sinadarin yuriya yake yi, sai dai ya maƙale a jikin ƙwayoyin ƙasa. Saboda haka saiwa takan shanye wanda yake kewaye da ita a tazarar milimita ɗaya ko biyu, sannan ta zauna cikin yunwa ko da akwai saura a ɗan gaba kaɗan. Zaren funfuna ya fi gashin kai siranta sau da yawa, yana shiga ramukan da saiwa ba ta iya shiga, yana kuma miƙewa santimita da dama daga jikinta, ta haka yake ɗebo fosforas da zinki daga inda tsiron ba zai taɓa kaiwa da kansa ba.

Wadda ta fitar da wannan magana daga zato zuwa hujja ita ce Barbara Mosse, wadda ta fara aikinta a cibiyar binciken itatuwan marmari ta East Malling a Ingila, daga baya ta koma Rothamsted. A shekarar 1953 ta nuna alaƙa tsakanin wasu ƙwayoyin haihuwa da ake samu a ƙasa da funfunar da take cikin saiwa, sannan a 1957 ta wallafa gwajin da ya nuna cewa dashen tuffa da aka sa wa funfunar ya fi wanda ba a sa wa ba girma. Abin lura a rayuwarta shi ne daɗewar da ta yi a kan tambaya guda, shekaru gommai, a lokacin da galibin masana suke ɗaukar wannan funfuna a matsayin abin da bai cancanci ɓata lokaci ba, kuma dalilin jinkirin yana cikin ɗabi'ar halittar kanta, domin ba ta yarda ta girma ita kaɗai a kwanon gwaji kamar sauran funfuna, sai da saiwa mai rai. Mai bincike dole ya wanke ƙasa ta cikin rariya mai ƙananan ƙofofi, ya tsince ƙwayoyin haihuwar ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya shuka su tare da dawa ko masara a tukunya, ya jira watanni uku ko huɗu kafin su yawaita. Idan kuma yana son ganin ta a cikin saiwa, sai ya dafa saiwar a ruwan sinadari mai kaifi har ta yi garau, ya rina ta da shuɗi, bisa hanyar da Phillips da Hayman suka bayyana a 1970, wadda har yau ake aiki da ita.

A Arewacin Najeriya masu gandun daji ne suka fara cin karo da batun, lokacin da dashen itacen fain ya riƙa tsumburewa yana mutuwa, har sai da aka gauraya ƙasar reno da wadda aka ɗebo daga gindin tsofaffin itatuwan fain, kuma a 1980 Momoh da Gbadegesin suka wallafa sakamakon gwajinsu na sa wa fain wata funfuna da aka zaɓa. Amma fain baƙo ne, kuma inda ilimin ya taɓa tukunyar talaka shi ne a batun ƙuduji.

Ƙuduji, wanda ake kuma kira wuta-wuta, ciyawa ce mai jan fure da take manne wa saiwar dawa da gero da masara tana tsotse su, kuma mafi yawan ɓarnarta tana aukuwa ne kafin ta ɓullo a kan kunya. Tushe guda yana zubar da dubun-dubatar ƙwayoyin iri masu kama da ƙura, waɗanda suke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar hatsi take fitarwa. An fara tace irin wannan sinadari daga saiwar auduga a Amurka a 1966, aka kira shi sitirigol, kuma kusan shekara 40 masana suna mamakin dalilin da zai sa tsiro ya riƙa fitar da abin da yake jawo masa maƙiyi. Amsar ta zo daga Japan a 2005, lokacin da Kohki Akiyama da abokan aikinsa suka nuna cewa wannan dangin sinadarai, da ake kira sitirigolakton, kira ne da saiwa take yi wa funfunar maikoraiza, wadda zarenta yake yin rassa ya nufo ta da zarar ya ji shi. Lamarin ya yi kama da mai gida da ya ɗaga murya yana kiran maƙwabci ya kawo ɗauki, ɓarawo ya ji ya riga shi isowa. Binciken da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa tsiro yana tsananta kiran ne idan fosforas ya yi masa ƙaranci, a dawa kuma har da ƙarancin naitirojin, wanda hakan ya fassara abin da manoma suka daɗe da sani, cewa ƙuduji ciyawar gajiyayyar gona ce, kuma gonar da take shan taki ba ta cika fama da shi ba.

Tun kafin a gano wannan sirri, masana na wannan yanki sun riga sun ga alamarsa. Nuhu Gworgwor na Jami'ar Maiduguri, tare da Hans Christian Weber na Jami'ar Marburg a Jamus, sun wallafa a 2003 cewa dawar da aka sa wa funfunar maikoraiza a tukunya ta fi jure ƙuduji, kuma wanda ya ɓullo a gindinta ya ragu. A arewacin Kamaru, inda ƙasa da yanayi suke kusa da na Borno da Adamawa, Venasius Lendzemo ya kai gwajin gona, ya kuma samu raguwar ƙuduji a dawa da masara, sai dai yawan hatsin da aka girbe bai ƙaru a kowane gwaji ba. Wannan sashe na ƙarshe ya cancanci a riƙe shi da kyau, domin shi ne ya raba ilimi da talla. Funfuna tana rage kiran da saiwa take yi idan ta riga ta zauna a cikinta, amma ba ta ƙirƙirar fosforas, tana kwaso wanda yake akwai ne kawai, kuma gonar da ake kwashe hatsinta da karanta da harawarta kowace kaka ba tare da an mayar mata da komai ba za ta ƙare, da funfuna ko babu.

A nan ne tsohon tsarin noman karkarar Kano yake da abin koyarwa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya bayyana yadda manoman kewayen birni suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar gari da jakuna suke ɗauka daga cikin birni da rani, suna kuma haɗa hatsi da wake da gyaɗa a fili guda. Taki irin wannan yana sakin fosforas sannu a hankali, ba ya kashe sha'awar tsiro ga funfuna kamar yadda takin zamani mai yawa yake yi, wake kuma mazauni ne mai kyau gare ta. Binciken da Bagayoko da Buerkert da abokansu suka wallafa a 2000, wanda ya haɗa da gonakin gwaji a Nijar, ya nuna cewa hatsin da ya biyo bayan wake yakan samu funfuna a saiwarsa da wuri fiye da wanda ya biyo bayan hatsi, kuma makonnin farko su ne lokacin da tsiro ya fi buƙatar fosforas. Akasin haka, huɗa mai zurfi da tarakta tana yayyanka zaren, barin fili tsirara na dogon lokaci yana kashe shi da yunwa, kabeji da alayyafo ba sa karɓar funfunar, sannan shinkafar da take tsaye cikin ruwa tana rage ta, abin da ya kamata mai lambu ya sani kafin ya dasa albasa, wadda gajerun saiwoyinta suke sa ta dogara da funfuna ƙwarai, a inda ya cire kabeji. Mai rainon dashe a Nassarawa ma, idan ya cika leda da yashin gini da ƙasar da aka haƙo daga rami mai zurfi, ya hana dashensa abokiyar zama, alhali ɗan dunƙulen ƙasar sama daga gindin lafiyayyen tsiro zai wadatar.

Akwai kamfanoni a duniya da suke sayar da funfunar a ƙunshe, kuma ba abin mamaki ba ne su nemi kasuwa a inda kuɗin buhun taki ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Wani gwaji da aka wallafa a 2022 a kan irin waɗannan kayayyaki daga nahiyoyi daban-daban ya samu cewa mafi yawansu ba su kama saiwa ba sam. Ko mai rai ce, funfunar da aka raina a ƙasa mai sanyi ba lalle ta jure watanni bakwai na rani da zafin bazarar Kano ba, yayin da ta gida ta saba kwanciya a cikin ƙwayoyin haihuwarta har ruwan farko ya sauka. Saboda haka kuɗin da za a kashe wajen shigo da ita ya fi amfani idan aka kashe shi wajen sanin wadda take cikin gonakin Minjibir da Gezawa da Bichi.

Cibiyoyin da za su yi wannan aiki suna nan: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, da tashar cibiyar binciken noma ta IITA a Kano mai gonar gwaji a Minjibir, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da Jami'ar Bayero ta kafa a 2012. Abin da fannin yake buƙata bai kai tsadar na wasu fannoni ba, wato madubi mai kyau, da rariya, da ɗakin rainon tsirrai, da wutar da ba ta yankewa, da kuma ma'ajiyar tukwane inda za a riƙe nau'o'in funfunar gida a raye shekara da shekaru. Wanda ya fi wuyar samu shi ne tallafi mai tsawon rai, domin yawancin kuɗin bincike na shekara biyu ne ko uku, damina kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma tambayar ko wane irin dawa, kaura ko farfara, ya fi saurin karɓar funfuna a gonar da ƙuduji ya mamaye ba za ta amsu ba sai an maimaita gwajin a damina mai albarka da damina mai fari, a jigawa da kuma ƙasa mai laka.