Aikin Fiɗa Domin Rikicewar Bugun Zuciya: Bayani Ga Majiyyaci Da Danginsa

Zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Idan tana lafiya, wata 'yar wutar lantarki ce ke tasowa daga ɗakin sama na dama ta ba da umurni, sa'an nan zuciya ta buga bisa ƙa'ida, sau 60 zuwa 100 cikin minti guda ga mutumin da ke hutawa. Amma akwai ciwon da kan sa ɗakunan saman nan su bar bugawa, su koma karkarwa kurum, bugun kuwa ya zama ba kai ba gindi. Sunansa a bakin likitoci atrial fibrillation. In rikicewar ta wuce kwana 7 ba ta lafa ba, sai a ce ta zauna. Wannan zaunanniyar tana cikin waɗanda ake tunanin yi wa aiki.

Faɗuwar gaba da haki da kasala su ne ke kai mutum asibiti, amma babban haɗarin yana ɓoye. Jinin da ɗakin sama na hagu ya kasa turawa yakan kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikinsa, ya daskare. Ran da gudan jinin ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ran nan ɓarin jiki ya shanye. Mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi haɗarin shanyewar jiki kimanin ninki 5.

A Turai galibi ciwon tsofaffi ne. A nan Nijeriya kuwa, ban da hawan jini, akwai wani sanadi mai kama matasa, musamman mata. Watau ciwon maƙogwaro na ƙuruciya wanda ba a yi masa magani da fenisilin ba, yakan jawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, daga baya ya lalata ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu. Ƙofa ta ƙuntata, ɗakin sama ya kumbura, bugu ya rikice. Saboda haka abin da likita zai fara nema shi ne halin da ƙofar nan take ciki. A Jos, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da likitocin zuciya, kuma mutanen gari sun san Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, wanda aka fi sani da Jankwano. Za a yi awon lantarkin zuciya, watau ECG, a kuma ɗauki hotonta da na'urar sauti. Sai an ga waɗannan biyu ake zancen aiki.

Hanyar aikin iri biyu ce. A 1987 Dokta James Cox na birnin St. Louis a Amurka ya fara tsaga bangon ɗakunan sama yana ɗinkewa, domin tabon ya zama shinge, ya hana wutar yawo, ya bar mata turba guda. Aikin Cox-maze ke nan. Yau da zafi ko da tsananin sanyi ake yin tabon, ba da wuƙa kaɗai ba. Hanya ta biyu ba a buɗe ƙirji: siririyar waya ake zurawa ta jijiyar matsematsi har zuciya, a ƙone bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu, gama a 1998 likitocin Bordeaux a Faransa sun nuna daga nan rikicewar ta fi tasowa.

Ba kowa ne aiki ya kamata ba. Mutane da yawa suna zaune lafiya shekara da shekaru da ƙwayoyin rage saurin bugu da maganin tsinka jini. Wanda fiɗa ta fi dacewa da shi shi ne wanda dama tilas a buɗe ƙirjinsa domin gyara ko sauya ƙofar zuciya. A nan sai a haɗa da aikin shingen, a kuma toshe aljihun nan, tafiya ɗaya. Wani babban bincike da aka buga a 2021 ya nuna toshe aljihun yayin fiɗa yana rage shanyewar jiki da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Amma fa a sani, gwargwadon daɗewar ciwon da girman ɗakin, gwargwadon raguwar nasara. Wasu kuma bayan aiki bugunsu yakan yi sanyi har a dasa musu batirin zuciya. Ko da yake tun 1974 aka fara buɗe zuciya a ƙasar nan, a Inugu, har yanzu ba kowane asibiti ke yi ba, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne. Ya kamata dangi su tambayi likita a fili inda za a tura su, da jimlar kuɗin, da wanda zai ci gaba da duba majiyyaci in ya komo gida.

Ƙashin ƙirji yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Cikin wannan lokaci ba ɗaukar jarkar ruwa, ba buhun dankali, ba daka, ba tuƙin babur. Tafiya da ƙafa kuwa ana so, kullum a ɗan ƙara. Sanyin hunturun Jos ba ya hana rauni warkewa, amma yana kawo tari. Mai tari ya rungume matashin kai a ƙirji. A watanni uku na farko bugu yakan rikice ya komo, wannan ba ya nufin aikin ya ɓaci. Zazzaɓi, ko ruwa daga rauni, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, su ne ke bukatar komawa asibiti nan take.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne majiyyaci ya ji bugu ya daidaita, ya ajiye maganin tsinka jini don kansa. Likita ne kaɗai ke da wannan hukunci. Wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe, warfarin zai sha muddin ransa, kuma binciken 2022 ya nuna ga masu ciwon ƙofar nan warfarin ya fi sabon maganin rivaroxaban. Sharaɗinsa awon jini da ake kira INR, wanda ga yawancin masu rikicewar bugu ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Mutumin Shendam ko Langtang ko Pankshin ya san inda zai riƙa yin awon tun ba a sallame shi ba.

Filato ƙasar ganye ce. Kabeji da latas da alayyahu, har da zogale, suna rage ƙarfin warfarin. Ba a hana cinsu ba. Abin gudu shi ne a ci da yawa wannan mako, a bari mako mai zuwa. Burkutu da sauran giya suna ta da rikicewar, jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen kuma suna iya sa zubar jini. Macen da ke shan warfarin ta shawarci likita kafin ta ɗauki ciki, domin maganin yana iya cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko.