Bindiga A Cikin Akwatin Awo: Amsa Ga Ɗalibin Da Ke Son Wasan Harbi

Ta Ƙofar Dundaye nake fita kowace safiya idan zan je jami'a, kuma da wuya in wuce ban rage wa ɗalibai hanya ba. Wata safiya na ɗauki wani ɗalibina, yaro mai natsuwa da ƙwazo. Muna cikin tafiya ya miƙo mini wayarsa. Hoton Yusuf Dikeç ne, mutumin Turkiyya da ya ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024, yana tsaye hannu ɗaya cikin aljihu, ɗayan riƙe da bindiga. Ya ce, "Malam, wasan nan ya shiga raina. Na daɗe ina kallon yadda 'yan Amurka ke sayen ƙaramar bindiga su sauya mata kunama da mariƙi su shiga gasa da ita. Wani abokina ya ce ya san maƙerin da zai ƙera mini ɗaya a ƙauyensu."

Gabana ya faɗi. Na ba shi amsa a gaggauce kafin mu isa, amma na san amsar ba ta wadatar ba. Na kuma san ba shi kaɗai ke da wannan sha'awa ba, shi ya sa na ga ya dace in kammala maganar a wannan shafi.

Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne, bindigar da ke hannun Dikeç ba ta albarushi ba ce, ta iska ce. Matsattsiyar iska ce ke tura ɗan ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5, wanda nauyinsa kusan rabin giram ne, zuwa allon takarda da ke nisan mita 10. Da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, kamar maɓallin riga. A zagayen share fage ana harbi 60 cikin minti 75, a tsaye, da hannu ɗaya, ba jingina. Dikeç yana da shekara 51 a lokacin, kuma tun gasar 2008 yake zuwa Olamfik kafin ya samu wannan lamba tare da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan. Masu yaɗa hoton sun ga ƙasaitar tsayuwar, sun manta da shekarun atisayen da suka haife ta.

Na ɗan taɓa wannan wasa lokacin da nake karatun digirin digirgir a Ingila, a wata ƙungiyar masu harbi da ke kusa da masaukina, kuma a can na yi kuskuren da ya koya mini abin da nake son faɗa. Bayan wata shida maki na ya tsaya cik, sai na ɗora wa bindiga laifi. Na sassaƙe mariƙin katakon, na cike wasu wurare har ya zauna daram a tafin hannuna. Wannan doka ta yarda da shi, muddin mariƙin bai taɓa wuyan hannu ba. Daga nan na sassauta kunamar, don in riƙa harbi da taɓawa kaɗan. Ranar gasa aka kai mu teburin bincike. Wani dattijo ya sa bindigar a cikin akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗi 200, zurfi 50, ta shiga. Ya auna nauyinta, ba ta wuce giram 1,500 da aka ƙayyade ba. Sai ya ɗaga bakinta sama, ya rataya ma'aunin giram 500 a jikin kunama. Ƙa'ida ita ce kunama ta ɗauki wannan nauyi ba tare da ta tashi ba. Tawa ta tashi nan take. Ya miƙo mini ita, ya ce in mayar da ita yadda take ko in koma gida. Na mayar da ita, na yi harbi, kuma makin da na samu bai bambanta da na makon da ya gabata ba. Matsalar tana cikin numfashina da gaggawar yatsana, kuma duk sassaƙar da na yi ba ta kai can ba.

Haka dokokin wasan suke a kowane mataki. Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, wadda asalinta ke komawa 1907, ta iyakance duk wani gyara da ake yi wa bindiga. A gasar mita 25, inda ake amfani da harsashi na gaske mai kaurin milimita 5.6, kunama ba za ta gaza giram 1,000 ba, kuma ba a yarda da madubin saiti ba. Ko a irin gasar da ɗalibina ke kallo, wadda ƙungiyar IPSC ke shiryawa tun kafuwarta a Amurka a 1976, inda ake harbi ana tafiya ana kuma lissafa lokaci, an kasa bindigogi rukuni-rukuni. Akwai rukunin da ake shiga da bindiga kusan yadda ta fito daga masana'anta, akwai wanda aka sakar wa mara. Wanda ya ƙara wa bindigarsa abin da rukuninsa bai yarda da shi ba, ba zai yi takara a cikinsa ba. Wanda harsashi ya kuɓuce masa ba da niyya ba, ko ya juya bakin bindiga wajen mutane, an kore shi daga gasar baki ɗaya, komai ƙwarewarsa.

Ita kuwa ƙaramar bindigar da ake sokewa a ƙugu, an ƙera ta ne domin ɓoyewa. Tazarar da ke tsakanin saitinta na gaba da na baya gajera ce, don haka ɗan karkacewar hannu yana zama babban kuskure a allo. Rashin nauyinta yana sa ta zabura sosai bayan kowane harbi, gajeren mariƙinta kuma ba ya cika hannu. Yawancin gyaran da ake yi mata ƙoƙari ne na rage waɗannan naƙasu. Idan bindigar masana'anta tana da wannan rauni, ina ga wadda aka ƙera a ɓoye da bututun ƙarfen da ba wanda ya gwada ƙarfinsa? Irin wannan takan fashe a hannun mai ita.

Sai batun doka, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna cikin rukunin farko tare da bindigogin soja, wato haramtattun makamai da ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin mallakarsu ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Rukuni na biyu ya ƙunshi bindigar farauta da bindigar iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku shi ne bindigar toka irin ta maharbanmu, da Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. A watan Agustan 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Ɗalibin da aka kama da fistol a shingen bincike, a jihar da Sabon Birni da Isa da Goronyo suke kuka da 'yan bindiga, ba wanda zai saurari bayaninsa cewa wasa yake koyo. Ya rasa karatunsa, wataƙila har da ransa.

Na san wasu masu karatu za su ce bai ma dace a yi maganar wasan harbi a wannan lokaci ba. Ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma harbi a matsayin fanni mai ƙa'ida ya daɗe a ƙasar nan. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, rundunar da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta ba ta da dawakai masu yawa, 'yan baka ne suka tsaya mata a gaban mayaƙan Gobir. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, har da Mukhtasar na Khalil, suna da babi a kan gasar tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, tare da sharuɗɗanta. Sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwanmu. Kalmar 'yan bindiga kanta, a da sunan dakarun fada ce, waɗanda har yau suke buga bindigar toka a hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau. Ɓarayin daji ne suka ƙwace mana ita a 'yan shekarun nan.

Ƙasashen da suka tsaurara dokar makamai ba su kashe wasan ba. Bayan kisan da aka yi wa yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a 1996, Birtaniya ta haramta wa jama'a mallakar fistol a 1997, har sai da 'yan wasanta masu harbi da harsashi suka riƙa fita waje domin atisaye. Duk da haka bindigar iska ta ci gaba a ƙungiyoyi masu rajista, kuma ta nan irina suka samu shiga. Indiya ma tana da tsauraran dokoki, amma Abhinav Bindra ya ci mata zinare a 2008 da doguwar bindigar iska, Manu Bhaker kuma, wadda ta fara harbi tana 'yar makaranta a jihar Haryana, ta ci tagulla biyu a Faris tana da shekara 22. A wannan gasa Nijeriya ta je da 'yan wasa sama da 80, ba maharbi ko ɗaya a cikinsu, ta kuma dawo ba lamba ko guda.

Shawarata ga hukumomin wasanni na jiha da na manyan makarantunmu ita ce a fara da kwari da baka, wanda shi ma wasan Olamfik ne, kuma gadonmu ne. Filin wasa na Giginya zai iya ɗaukar gasarsa, maharbanmu na gargajiya kuma suna da abin koyarwa. Bayan haka a nemi izinin 'yan sanda a buɗe ɗakin harbin bindigar iska guda ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne zaure mai tsawon da ya ɗan wuce mita 10, da bango mai tare dalma, da ma'aji mai kulle. Bindigogin su zama mallakar hukuma, kowace da lambarta a rajista, ba mai fita da ita ƙofa, kuma a ɗauko masu horarwa daga cikin tsofaffin sojoji da 'yan sanda. Yaron da ya shekara yana koyon cewa ba a ɗora yatsa a kunama sai an shirya, ba a kuma nuna bakin bindiga ga mutum ko da babu komai a cikinta, zai girma yana ganin nauyin makami fiye da wanda ya san shi a bidiyo kawai.

Da na sake haɗuwa da ɗalibin nawa, na ba shi labarin Károly Takács, sojan Hungary da gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938. Ya koma ya koyi harbi da hagu, ya ci zinare a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952. Na ce masa ya manta da maƙerin abokinsa. Idan da gaske yake, ya cika gorar ruwa mai lita ɗaya, ya miƙa hannu da ita yana duban ɗigo a bango, minti ɗaya a kowane zagaye, kullum bayan sallar asuba. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, wannan ai horo ne." Na ce masa eh, horo ne, kuma ya dawo mini da labari bayan wata uku.