AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yaya Ake Binciken Mutum Kafin A Ɗauke Shi Aiki?

Kamar yadda muka saba, ga amsoshin da muka bayar a shirinmu na wannan mako mun sa su a takarda, saboda waɗanda lokacin shirin ya same su a gona ko a hanyar kasuwa. Wasiƙu uku ne suka zo mana daga ƙasar Gumel a kan magana ɗaya, wato ɗaukar mutum aiki. Duka masu wasiƙun sun roƙi a sakaya sunayensu, mun kuwa sakaya.

Ta farko daga wani Alhaji ce mai sayen riɗi da zoɓo a Maigatari. Ya ce bara ya ɗauki wani yaro ya riƙe masa sito. Ran wata Alhamis, kasuwa na ci, ya aike shi da kuɗin riɗi buhu 20 ya kai wa dillali, daga nan bai sake sa shi a ido ba. Da ya tashi neman gidansu, sai ya tarar ko ƙauyen da yaron ya faɗa masa ba nan ne garinsu ba. Yanzu an kawo masa wani saurayi daga wajen Sule Tankarkar, yana son ya ɗauka, amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Don haka ya shirya abu huɗu: ya sa wani ɗan sanda abokinsa ya bincika masa yaron a ɓoye, ya karɓi wayar yaron ya duba, ya riƙe takardar shaidar makarantarsa da albashin wata uku a matsayin jingina, sannan kawun yaron ya sa hannu cewa in yaron ya gudu shi za a kulle. Yana tambaya, ko doka ta yarda?

To Alhaji, da farko Allah ya mayar da alheri. Bincike kam haƙƙinka ne, babu dokar da ta ce ka miƙa wa baƙon ido makullin sitonka. Amma abubuwan nan huɗu da ka lissafa, ko wanne da gyara a cikinsa, wasu ma kai za su jefa a cikin shari'a.

Fara da gaya wa yaron. Ka zaunar da shi ka ce, ni ba na ɗaukar mutum sai na bi diddiginsa, ka yarda? In ya yarda ka sami izini. In ya fara kame-kame, ka rigaya ka ga amsa, ba ka kashe ko kwabo ba. Daga nan ka nemi ya nuna maka katin ɗan ƙasa mai lambar NIN ko katin zaɓe, ka dubi suna da hoto. Sannan ka hau babur da kanka ka tafi garinsu. Kada ka aika, kada kuma ka tsaya ga lambar wayar da shi ya ba ka, don mai niyyar cuta yana iya sa abokinsa ya amsa a matsayin kawu. Ka sauka a ƙofar mai unguwa ko dagaci, ka yi gaisuwa, ka ce ɗan wane ne nake son ɗauka. Ka ga mahaifinsa ko wanda ya riƙe shi. In ya taɓa zama da wani ubangida, ka nemi wannan ubangidan ka tambaye shi shekara nawa suka yi, me ya raba su, kuma da yau yaron zai dawo zai sake karɓarsa? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke fito da gaskiya, domin mutanenmu ba su son faɗin aibin ɗan wani kai tsaye, amma za ka ji mutum ya yi shiru ya ce, “To, Allah dai ya kyauta.”

Sai dai ka ji ta bakin yaron shi ma. Akwai iyayen gida da ke cinye wa yaro haƙƙinsa na shekaru, ranar da ya nemi sallama sai su laƙa masa sata. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 36, ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. An taɓa kai mutum ofishin 'yan sanda daban, alƙali ya yanke masa hukunci daban.

Batun ɗan sanda abokinka kuwa, ka bar shi. Hanyar da doka ta sani ita ce takardar shaidar hali da rundunar 'yan sanda ke bayarwa. Mai neman aikin shi ne zai nema da kansa, a ɗauki zanen yatsunsa, a duba rajistar masu laifi. Tun da kai ne mai buƙata, ya kyautu kai ka biya kuɗinta. Amma ni a ganina, ga yaron sito a ƙauye, maganar mai unguwa ta fi wannan takarda nauyi. Yawancin sace-sacen kasuwanninmu a zaure ake kashe su, ba su shiga kowace rajista. In direba ne za ka ɗauka, nan kam ka dubi lasinsa, ka kuma je tasha ka tambayi shugabannin ƙungiyar direbobi. Su suka san mai gudu, suka san mai shaye-shaye.

Waya kuma, kada ka taɓa. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Ban da wannan, a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Abin da dokar ke nufi a taƙaice shi ne, in za ka karɓi bayanin mutum ka gaya masa dalili, ka karɓi iya abin da aikin ke buƙata, ka adana, kada ka yi amfani da shi a wani abu daban. Kwafin katinsa a akwati za ka kulle, ba a bar shi kan benci har mai ƙosai ta ƙunshe kaya da shi ba. Kuma wannan ɗabi'a da ta shigo ta watsa hoton mutum a WhatsApp ana cewa ga ɓarawo, alhali ko kotu ba a je ba, ɓata suna ce, yana iya kai ka ƙara a kanta. Takardar makarantarsa ma kayansa ce. Ka duba, ka yi kwafi, ka mayar masa da ta asali.

Yanzu ga maganar da ta fi muhimmanci, ta kawu. Neman wanda zai tsaya wa yaro daidai ne, al'adarmu ce tun kaka da kakanni, shari'ar Musulunci ma ta san shi da sunan lamuni. Malaman Malikiyya sun kasa shi uku. Akwai lamunin dukiya, wato in yaro ya salwantar da kuɗi mai lamuni ya biya. Akwai lamunin fuska, wato alkawarinsa shi ne ya kawo maka yaron, in ya kawo shi ya fita. Akwai kuma lamunin nema, wato zai yi iyakar ƙoƙarinsa ya nemo shi ya nuna inda yake. Rigima na tashi ne saboda maigida na nufin na farko, kawu kuwa da ya ce “na tsaya masa” na ƙarshe yake nufi. To ku fayyace tun yau. A rubuta wane iri ne, in na dukiya ne a rubuta iyakar kuɗin, a karanta wa kawun da Hausa a gaban shaidu biyu kafin ya dangwala.

Abin da ba za ka iya rubutawa ba shi ne wai a kulle shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wanda ake zargi, sashe na 36 ke nan. Sashe na 32 kuma ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. In yaro ya yi sata, shi 'yan sanda za su nema. Kawu kuwa, in ya ƙi cika alkawari, gaban alƙali za ka kai shi ka nemi kuɗinka.

Albashin wata uku ma ba ka da ikon riƙewa. Dokar ƙwadago ta 1974, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya, kuma da kuɗi za a biya, ba da tiyar gero ba. Ta hana cin tarar ma'aikaci. In ya jawo maka asara da gangan ko da sakaci, ba ka yanke masa sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a yanke a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Na san da yawa za su ce wa ke bin wannan a kasuwa? Gaskiya ne, ba a bi. Amma ranar da yaro ya sami mai nuna masa hanya, da wannan doka za a auna ka.

Ita dokar kuma ta ɗora maka wani nauyi a sashe na 7: kafin ya cika wata uku da fara aiki, ka ba shi takarda mai ɗauke da sunanka da nasa, ranar da ya fara, irin aikin, nawa ne ladan da lokacin biya, awoyin aiki, hutu, da yadda za a rabu. Ba sai an je wajen lauya ba, malamin makarantar garinku ya isa ya rubuta muku. In ka yi niyyar sallamarsa ba don wani babban laifi ba, sai da sanarwa: kwana ɗaya in bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Ko ka biya shi kuɗin kwanakin. In rigima ta fi ƙarfin dattawa, akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a Dutse, sama da shi kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano.

Wasiƙa ta biyu daga wani manomi ce a Gagarawa. Ya ce ya ji an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, shin dole ya biya 'yan ƙwadagon da ke yi masa noma da yankan riɗi haka? Ya kuma ce yawancinsu daga wajen Dungas ta ƙasar Damagaram suke zuwa, yana son ya riƙe ɗaya ya yi masa kiwo.

Malam, kwantar da hankalinka. A watan Yuli na 2024 aka ɗaga shi daga Naira 30,000 zuwa 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan aikin jinga ba, haka nan aikin da ke bin damina irin na gona. Abin da ke kanka shi ne ku yanke lada kafin a sa fartanya a ƙasa, ka kuma biya a ranar da kuka yi. Makiyayi kuwa, ku ƙirga dabbobin a gaban shaidu, a rubuta adadi da kamanninsu. Ka sani a Malikiyya makiyayi amintacce ne, in dabba ta mutu ko ta ɓata ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka ce masa. Game da 'yan'uwanmu na Nijar, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba su damar shigowa su yi kwana 90 ba biza. Nijar ta fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025, ko da yake a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an sake sanarwa. Tun da zama zai yi ba ci-rani ba, ka tafi da shi wajen jami'an shige da fice a Maigatari su gaya maka takardar da ake nema yanzu, ka kuma gabatar da shi ga mai unguwarku.

Ta uku daga wata Hajiya ce mai sayar da abinci a cikin garin Gumel. An kawo mata yarinya 'yar shekara 10 daga ƙauye ta riƙa yi mata wanke-wanke da raino, tana tambaya ko ta kai ta asibiti a yi mata gwajin cutar ƙanjamau tukuna.

Hajiya, gwajin ba shi ne matsalar farko ba, shekarun yarinyar ne. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, hukuncinsa ɗauri daga wata 6 har zuwa shekara 7. Jihar Jigawa ma tana da tata dokar kare yara, wadda Gwamna Badaru Abubakar ya sa wa hannu a watan Disamba na 2021. Wadda ta kawo miki ita, tana karɓar kuɗin wata a madadin iyayen, ita ma ba ta tsira ba. Ki mayar da yarinyar gida, ki nemi babbar mace, bazawara ko dattijuwa mai neman na cefane, ai ba su da wuyar samu. Ita ma ɗin kada ki sa mata gwajin ƙanjamau ya zama sharaɗin ɗaukarta, dokar hana nuna bambanci ga masu ɗauke da cutar ta 2014 ta hana haka, cutar kuwa ba a ɗaukarta ta cin abinci ko wanke kwano. Abin da ya dace da mai taɓa abincin jama'a shi ne a duba ta a kan tari da zawo da ƙurajen hannu, da yardarta, ke kuma ki biya kuɗin asibitin.

Akwai sauran wasiƙu biyu daga Sule Tankarkar a kan jinginar gona da rabon gado, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai aiko da wasiƙa ya riƙa rubuta sunan garinsu da ƙaramar hukumarsa a sarari.