Masu Sa Kyamarar Tsaro a Gassi, Ku Duba Wayar da Ake Ja Muku

Unguwar Gassi, a gunduma ta 7 ta birnin Njamena, inda ginin Majalisar Dokokin Chadi yake, tana ta cika da sababbin gidaje da shaguna. Yanzu ba abin mamaki ba ne ka ɗaga kai a ƙofar gida ka ga kyamarar tsaro tana kallonka. Sai dai yawancin masu sa ta, hankalinsu yana kan kyamarar ne da akwatin da ke naɗar hoto. Za a yi ta ciniki a kansu, amma babu mai tambayar irin wayar da za a ja. Alhali idan kyamara ta yi shiru a daren da ɓarawo ya haura katanga, galibi daga waya matsalar take.

Kyamarorin iri biyu ne. Tsohon samfuri yana amfani da waya mai zagaye irin ta eriyar talabijin, wadda ake kira RG59, tare da wata waya daban mai kai masa wuta mai ƙarfin bolt 12. Sabon samfuri kuwa yana amfani da wayar intanet, Cat5e ko Cat6, mai silili takwas, kuma yawanci hoto da wuta ta cikinta suke bi gaba ɗaya. Wannan ta biyun tana da iyaka: mita 100 daga kyamara zuwa na'urar da aka jona ta. Idan gidanka ko sitonka ya wuce haka, dole a sa wata na'ura a tsakani. Mai haɗawar da ya ce maka "ai za ta yi" ƙarya yake yi maka.

Babbar cutar da ake yi wa mutane tana cikin ƙarfen wayar. Waya ta gaskiya tagulla ce zalla. Amma akwai wadda cikinta alminiyam ne, an yi mata fentin tagulla a sama kawai, kuma sau da yawa za ka ga an rubuta CCA a jikin kwalinta. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta sai kamar kashi 60 cikin ɗari na abin da tagulla ke ɗauka, ga saurin karyewa idan an lanƙwasa shi. Abin da ke yaudarar mai gida shi ne, da rana komai zai yi kyau, hoto ya fito tar. Da dare ya yi, kyamara takan kunna ƙananan fitilunta na gani a duhu, ta nemi ƙarin wuta. A nan ne wayar banza ke gazawa: hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ya mutu ƙurmus har gari ya waye. Wato ka sayi mai gadin da ke barci daidai lokacin aiki. Gane irin wannan waya ba wuya. Ka sa a yanko maka ɗan guntu, ka kankare silin da wuƙa. Idan ka ga fari a ciki, ka mayar musu da kayansu. Kwalin wayar intanet yakan zo da mita 305, kuma na tagulla ya fi nauyi sosai a hannu.

Sai yanayin garinmu. A watannin Afrilu da Mayu zafin Njamena yakan haura digiri 40, kuma robar wayar da aka yi don cikin ɗaki ba ta jure wannan rana. Takan bushe ta tsattsage. Da damina ta kama, ruwa ya shiga, mahaɗa ta yi tsatsa. Duk wayar da za ta bi waje a zura ta cikin bututun roba, ko a sayi mai baƙar fata wadda aka yi don waje. Bututun yana kare ta daga ɓeraye, da kuma almakashin ɓarawo. Kowace mahaɗa a rufe ta cikin ƙaramin akwati, ba a naɗe ta da salatif a bar ta tana lilo ba. A bar wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta shiga kyamara, don ruwa ya ɗige maimakon ya bi ta ciki. Kada kuma a haɗa ta bututu ɗaya da wayar lantarkin gida mai bolt 220. Hoto zai riƙa rawa da layi-layi, ga haɗarin gobara.

Akwatin naɗar hoton kansa kada a ajiye shi a ƙasa. Gassi ba ta da nisa da kogin Shari, kuma ba a manta ambaliyar watan Oktoban 2022 ba, lokacin da kogunan Shari da Logon suka cika suka shiga unguwanni. A ɗora shi sama, a wurin da iska ke shiga, kuma ba a falo kusa da talabijin ba, inda ɓarawo zai fara sunkuce shi ya tafi da shaidar. Tunda wuta na ɗaukewa, a haɗa akwatin da dukkan kyamarorin a kan batir ko sola, a sa musu abin kariya daga tsawa da haukan janareto.

Don haka, mai gida, kada ka biya cikon kuɗin aiki da rana. Ka bari sai bayan sallar isha'i, a kashe wutar gidan, ka duba kowace kyamara da idonka. Ka kuma sa mai haɗawar ya rubuta maka irin wayar da ya ja da tsawonta a takardar shaidar biya.