Ƙirƙirarriyar Basira da Tsaron Gaɓar Teku: Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

LEGAS — Gaɓar tekun Nijeriya, mai tsawon kimanin kilomita 853, ita ce ƙofar da galibin hajojin ƙasar nan ke shigowa ta cikinta. Tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, da sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023, da matatar man Dangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a kowace rana, duk a bakin ruwa suke. Saboda haka duk abin da ya taɓa gaɓa ya taɓa ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke jiran kayansa a Kano, kamar yadda ya taɓa mai sito a Apapa.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar yankunan gaɓa ta jawo wa ƙasashen Benin da Togo da Senegal da Kwaddibuwa asarar dala biliyan 3.8 a shekarar 2017, wato kashi 5.3 cikin ɗari na abin da suka samar a shekarar. Masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun tabbatar da cewa ruwan teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. A jihar Ondo, garin masunta na Ayetoro ya rasa gidaje da makarantu da dama sakamakon cin gaɓa da teku ke yi.

A Legas, matsalar tana da tarihi. Igiyar ruwa tana kwasar yashi ne daga yamma zuwa gabas a wannan yanki. Da Turawan mulkin mallaka suka gina katangun duwatsu a mashigar tashar Legas tsakanin 1908 da 1912 domin jiragen ruwa su sami hanya, sai yashin ya riƙa taruwa a yammacin katangun, gabas kuwa ta rasa abin da ke cike mata gurbi. Wannan ne asalin zaizayar Bar Beach, wadda ta kai ga ruwa yana malalowa kan titin Ahmadu Bello a Victoria Island, kafin a fara cike wurin da gina katangar Eko Atlantic a 2008.

Tambayar da ke gaban gwamnati da masu zuba jari ita ce: ina teku zai ci nan gaba, kuma yaushe? A nan ne binciken da ɗaliban digirin digirgir ke yi a kan ƙirƙirarriyar basira ya zama abin kulawa.

Wani kyakkyawan misali ya fito ne daga Jami'ar New South Wales da ke Sidni a ƙasar Ostareliya, inda Kilian Vos, lokacin yana ɗalibin digirin digirgir, ya fitar da manhajar CoastSat a 2019 tare da abokan aikinsa. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, kuma Amurka ta mayar da hotunan kyauta ga kowa a 2008. Abin da ya gagara shi ne duba dubban hotuna ɗaya bayan ɗaya da idon ɗan'adam. Sai masu binciken suka ɗauki wasu hotunan, suka nuna wa kwamfuta da hannu inda yashi yake, da inda ruwa yake, da inda farin kumfan igiya yake. Daga waɗannan misalai na'urar ta koyi bambancewa da kanta, har ta iya zana iyakar ruwa da tudu a kowane sabon hoto, da kuskuren da bai wuce kimanin mita 10 ba. Idan aka jera layukan shekara talatin, aka cire tasirin cika da janyewar teku na yau da kullum, sai a ga mita nawa gaɓar ke ja da baya a kowace shekara. Shirin Digital Earth Africa ma yana fitar da taswirar gaɓar nahiyar Afirka shekara bayan shekara tun daga 2000, kuma kyauta ne.

Fanni na biyu shi ne hasashen tumbatsar teku da ambaliya. Tsohuwar hanyar ita ce a sa manyan kwamfutoci su warware lissafin motsin iska da ruwa, aikin da kan ci sa'o'i da kuɗi masu yawa. Sabuwar hanyar kuwa ita ce a koyar da na'ura daga bayanan shekarun da suka gabata, ta yadda za ta ba da amsa nan take. A 2023 kamfanin Google DeepMind ya bayyana manhajar GraphCast, wadda ke hasashen yanayin kwanaki goma cikin ƙasa da minti ɗaya. Ga hukumar tashar jiragen ruwa ko mai sito, gargaɗin kwana biyu ko uku ya isa a ɗaga buhunan kaya daga ƙasa, a janye manyan motoci, a kuma dakatar da sauke kaya.

Sai dai kuma fasahar tana da iyaka. Na'ura ba ta sanin abin da ba a koya mata ba, kuma Afirka ta Yamma tana da ƙarancin na'urorin auna tsayin teku masu dogon tarihi. Gajimaren damina yakan rufe gaɓa a daidai lokacin da igiya ta fi ƙarfi. Bugu da ƙari, babbar tumbatsar da ba a taɓa ganin irinta ba ita ce ta fi wuyar hasashe, alhali ita ce ta fi ɓarna. Akwai kuma nitsewar ƙasa, wadda yawan haƙa rijiyoyin burtsatse da gini a kan cikon fadama ke ƙara wa gudu a sassan Legas. Don haka manhajar da aka koyar a Ostareliya ko Turai tana buƙatar a gwada ta da awon da aka yi a gida kafin a dogara da ita, aikin da ya rataya a wuyan jami'o'inmu da Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Victoria Island, da Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa.

Ga 'yan kasuwa, amfanin a bayyane yake. Kamfanin inshora da ya san saurin zaizayar wani wuri zai yanka kuɗin da ya dace, bankin da ke karɓar fili jingina zai san ko filin zai kai ƙarshen wa'adin bashin, haka kuma gwamnati za ta san inda katanga za ta yi amfani da inda za ta tura matsalar ga maƙwabta ne kawai. Mai niyyar sayen fili ko gina sito kusa da ruwa zai kyautu ya nemi tarihin gaɓar wurin na shekaru ashirin, ya ɗauki ƙwararren da zai fassara masa shi, kafin ya sa hannu a takarda.