Babi Na Uku: Koyarwar Addinin Kirista Kan Ceto Da Aure A Yankin 'Yandoto

3.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci 'Yandoto, abin da yake fara faɗo wa mutum a rai shi ne malamai da karatu, sai kuma yaƙin da Muhammadu Bello ya kai wa garin a farkon jihadi, wajen shekarar 1806. Don haka ne wasu suke mamaki idan aka ce akwai Kiristoci masu ibada da harshen Hausa a ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Akwai su, ko da yake tsiraru ne. A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana abin da addininsu ya koyar game da bangaskiya da ceto, sannan a duba yadda koyarwar take cin karo da al'adar Bahaushe a wurin aure, domin a nan ne gizo yake saƙar.

Ta hanyoyi biyu addinin ya shigo yankin. Ta farko ita ce hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Ita ta kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da kuma kudancin Zariya, suka zauna a Sabon Gari suka gina majami'unsu. Waɗanda suka fito daga kudancin Zariya da ƙasar Jos da Hausa suke sujada, saboda ita ce ta haɗa su. Ta biyu ita ce aikin mishan. Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ita ta haifi ikkilisiyar ECWA a 1954, a shekarun 1950 ɗin kuma limaman Katolika na ɗariƙar Dominikan suka zo daga Amurka suka zauna a Gusau. Hausawan da suka karɓi addinin galibinsu daga cikin Maguzawa suka fito, waɗanda aka sani da zama a ƙauyuka da gindin duwatsu irin na Kwatarkwashi. Wasu daga cikinsu sun fi son a kira su Masihiyawa, wato mabiya Almasihu.

3.1 Bangaskiya Da Ceto

Littafi Mai Tsarki ya fara fitowa cikakke da Hausa a shekarar 1932, bayan aikin da Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa suka daɗe suna yi. Masu fassarar sun tarar da harshen da addinin Musulunci ya riga ya ratsa, don haka suka ɗauki kalmomi irin su Allah da zunubi da tuba da addu'a da annabi yadda suka same su. Wannan ya sa Bahaushe Musulmi zai iya sauraren wa'azin fasto ya gane kusan kowace kalma, amma ya tashi bai gane abin da ake nufi ba.

Babban misali shi ne kalmar ceto. A bakin Musulmi, ceto shi ne roƙon da Annabi (SAW) zai yi wa al'ummarsa ranar Alƙiyama. A wurin Kirista kuwa, ceto abu ne da aka riga aka yi. Suna koyar da cewa ɗan Adam ya gāji halin zunubi, ba zai iya fitar da kansa ba, sai Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye a madadinsa, ya kuma tashi daga matattu. Mutum yana samun wannan ceto ne ta hanyar bangaskiya, kalmar da ta fito daga ba da gaskiya, wadda Musulmi zai ce imani. Wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 2, ta nuna cewa ceton kyauta ce daga Allah, aikin mutum ba ya sayen ta. Wannan kyautar ita suke kira alheri.

To, idan aiki ba ya ceto, mene ne amfanin zaman kirki? Amsar da ake bayarwa daga wasiƙar Yaƙub take, sura ta 2, inda aka nuna cewa bangaskiyar da ba ta fito a aiki ba babu rai a cikinta. 'Yan Katolika sun fi ƙarfafa wannan ɓangare tare da baftisma da sauran ibadodi, su kuwa 'yan ECWA da makamantansu sun fi ƙarfafa tuba da sabuwar haihuwa. Ga Bamagujen da ya tuba, zaman ibada yana nufin ya bar tsafin gida da bori da yanka wa iskoki, a ikkilisiyoyin bishara kuma ya bar burukutu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin giya ita ce abin da ake ba 'yan gayya da baƙin biki. Duk da haka barin ta ya fi sauƙi a kan abin da za a tattauna yanzu.

3.2 Aure

Koyarwar Kirista kan aure ta tsaya ne a kan Farawa 2:24 da Matiyu sura ta 19. Abin da suka ƙunsa shi ne, aure na namiji ɗaya ne da mace ɗaya, su biyun sun zama jiki guda, kuma ɗan Adam ba shi da ikon raba su. Cocin Katolika bai yarda da saki ba sam a auren da ya ƙullu tsakanin masu baftisma aka kuma tare. Sauran ikkilisiyoyin sukan duba batun zina, amma ko su dattawan ikkilisiya ba sa saurin yarda, sulhu suke fara nema. An kuma hori mai bi ya auri mai bi. A yankin da Kiristoci suke ƙalilan, wannan yakan sa saurayi ya nemi aure daga nesa, ko budurwa ta daɗe a gida.

Ta fuskar biki, Hausawa Kiristoci ba su yar da al'ada ba. Ana zuwa neman aure, ana biyan sadaki, ana kai lefe, iyayen amarya suna yin kayan ɗaki. Abin da ya bambanta shi ne ɗaurin auren kansa. A wurin Musulmi waliyyi da wakili ne suke magana, amarya tana cikin gida. A majami'a kuwa ango da amarya ne suke tsayawa gaban jama'a, kowa ya furta alkawari da bakinsa, bayan an yi sanarwa makonni kafin ranar domin mai ƙorafi ya fito. Matan Zumuntar Mata su suke ɗaukar nauyin yi wa amarya gargaɗi, aikin da gwaggo da inna suke yi a al'ada.

Haka kuma akwai hannun hukuma. Wanda ya yi aure a ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914, idan ya ƙara mata bisa al'ada, dokar ta tanadi ɗaurin shekara 5, kuma Babbar Kotu ce kaɗai take raba auren bisa dokar 1970. Shari'ar Musulunci da Gwamna Ahmad Sani ya fara aiwatarwa a Zamfara a watan Janairun 2000 an tsara ta ne don Musulmi, ba ta sauya matsayin wannan aure ba.

3.2.1 Mai Mata Fiye Da Ɗaya

Bahaushe, Musulmi ne ko Bamaguje, yana auna girman gida da yawan mata da 'ya'ya. A gandun Bamaguje ma mace tana noma, saboda haka ƙarin mata ƙarin hannu ne a gona. To, yaya za a yi da magidanci mai mata biyu ko uku da ya ce ya ba da gaskiya?

Turawan mishan na farko sun tsananta. Taron bishop-bishop na Anglika da aka yi a Lambeth ta Ingila a 1888 ya yanke cewa kada a yi wa irin wannan mutum baftisma muddin yana tare da matansa, 'yan SIM ma a kan haka suka tafi. Sakamakon shi ne, ko dai mutumin ya zauna yana zuwa sujada shekara da shekaru ba baftisma ba cin jibin Ubangiji, ko ya sallami duk matan sai ɗaya. A ganin mai wannan nazari, wanda ya fi shan wahala a nan ita ce amarya, wadda ta shigo gidan bisa auren da iyayenta da danginta suka yarda da shi, ta hayayyafa, rana tsaka a ce ta koma gidansu. A al'ada kuma 'ya'ya na uba ne, wato ta rasa miji ta rasa 'ya'ya ke nan. Addinin da ya hana saki sai ga shi ya zama sanadin saki.

Ikkilisiyoyin sun lura da haka. Dokar Cocin Katolika ta 1983, sashe na 1148, ta ce mutumin zai riƙe mace ɗaya, ba lallai uwargida ba idan zama da ita zai yi masa wuya, amma wajibi ne a tabbatar an kula da buƙatun sauran. Anglika kuwa sai bayan shekara 100 cif, a taron Lambeth na 1988, suka sassauta. Suka yarda a yi masa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa da suka ba da gaskiya, kada a tilasta masa ya kori kowa, da sharaɗin jama'ar ikkilisiyar wurin sun amince, shi kuma ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana raye. Ko a inda aka karɓe shi, ba a naɗa shi fasto ko dattijo, bisa 1 Timoti sura ta 3, wadda ta gindaya wa shugaba sharaɗin mace ɗaya.

Wannan sassauci bai shafi wanda ya ƙara aure bayan ya riga ya yi baftisma ba. Shi horo ake yi masa, a dakatar da shi daga jibi. Abin da ya fi jawo hakan shi ne rashin haihuwa, ko neman ɗa namiji, inda dangi suke matsa wa miji lamba, uwargida kuma ta rasa bakin magana.