Aikatau a Faransanci: Inda Mai Jin Ingilishi Ke Tuntuɓe

Duk ɗalibin da ya fara sanin Ingilishi kafin ya shiga koyon Faransanci, aikatau ne ke fara ba shi wahala. A Ingilishi, aikatau irin su speak ba sa canza siffa a lokaci na yanzu sai tare da he, she ko it. A Faransanci kuwa, ɗafa-ƙeyar aikatau tana sauyawa gwargwadon mai aikatawa: je parle, tu parles, il parle, nous parlons, vous parlez, ils parlent.

Sai dai mai karatu ya lura, parle da parles da parlent duk furucinsu ɗaya ne. Kunne ba ya rabe su, sai ido. Shi ya sa ɗalibi kan yi magana daidai, amma ya faɗi a jarrabawar shifta.

Masana nahawu sun kasa aikatau gida uku. Mafi yawa suna ƙarewa da -er, kuma ƙa'idarsu ɗaya. Na biyu su ne irin finir, mai ba da nous finissons. Na uku kuwa sai hadda, kuma a cikinsu ne être da avoir suke, waɗanda ake gina shuɗaɗɗen lokaci da su. Yawanci avoir ake ɗauka, kamar j'ai parlé, amma aller da venir suna ɗaukar être, sannan su bi jinsin mai aikatawa: namiji il est allé, mace elle est allée.